Maɗigar Jariri: Yaushe Take Rufewa?

Duk wanda ya taɓa rainon ƙaninsa ya san wurin nan mai taushi a tsakar kan jariri, wanda yake motsi kamar yana numfashi. Ita ce maɗiga. Motsin kuwa bugun jini ne, ba ciwo ba ne.

Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne, ƙasusuwa ne da ba su gama haɗewa ba. Wannan ne yake sa kai ya ɗan matse wajen haihuwa, ya kuma bar wa ƙwaƙwalwa filin girma.

Maɗigar da ake ji da hannu guda biyu ce. Ƙaramar tana wajen ƙeya, takan rufe cikin wata 2 zuwa 3. Babbar ita ce ta gaba, takan rufe tsakanin wata 12 da 18, wasu yaran har su kusa shekara 2. To, in yaro ya wuce shekara 2 ba ta rufe ba, ko kansa yana ta girma fiye da ƙima, sai a kai shi likita ya duba.

Abin lura shi ne, maɗiga tana ba da labarin lafiyar yaro. In ta faɗa ciki, musamman ga mai gudawa ko amai, ruwan jikinsa ne ya ƙare. Kwaɓa magani a shafa masa a ka ba ya mayar da ruwan nan. A ci gaba da ba shi nono, a dama masa ruwan gishiri da sukari na 'yar leda, wato ORS, a tafi asibiti.

In kuwa ta kumbura ta yi tauri alhali yaro ba kuka yake ba, ga zazzaɓi, ga ƙin nono, to ana tsoron sanƙarau. Mu a nan Ɗanzomo mun san yadda yake zuwa da zafin bazara, kuma iyayenmu ba su manta annobar 1996 ba. Wannan ba a kwana da shi a gida. A garzaya asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Gumel, ko da tsakar dare ne.

Ku masu goyo, wanka da shafa mai ba sa cutar da maɗiga, don akwai fata mai ƙwari a ƙarƙashi. Amma ban da dannawa. In kun ga ta canja, maza ku gaya wa Inna.

Allah ya raya mana su.