Dalilin Zuba Kuɗin Jama'a a Binciken Kimiyya: Misali Daga Ciwon Bushiya

A duk lokacin da aljihun gwamnati ya yi sanyi, kason bincike ne ake fara yi wa aski, domin ana ganin abu ne da zai iya jira. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa akwai irin binciken da in hukuma ba ta ɗauki nauyinsa ba, to, babu mai ɗauka. Za mu kafa hujja da tarihin bushiya, watau annobar nan ta shanu.

Cutar ta shigo ta gaɓar Iritiriya wajen 1887, a jikin shanun da aka kawo wa sojojin Italiya, kuma cikin 'yan shekaru ta iso ƙasashenmu. Inda ta sauka, da ƙyar saniya ɗaya ko biyu ke tsira cikin goma. Da Turawa suka kafa ɗakin binciken dabbobi a Vom a 1924, bushiya ce babbar damuwarsu. Ba mu ce tausayin makiyayi ne kaɗai ya motsa su ba, gama saniyar da ta mutu ba a karɓar jangalinta. Amma ko wannan ma hujja ce gare mu: hasarar ta shafi baitulmali da mahauci da mai tallar nono baki ɗaya, alhali kuwa babu ɗayansu, in ban da hukuma, da ke da ƙarfin riƙe masana shekara da shekaru.

Alluran farko, waɗanda aka raunana ƙwayar cutarsu a jikin awaki, sun taimaka, sai dai sukan kwantar da wasu shanun, har su kashe raunana. Walter Plowright, likitan dabbobi ɗan Ingila wanda ya ɗan yi aiki a Vom kafin ya koma Muguga ta ƙasar Kenya, shi ya warware wannan. Ya yi ta renon ƙwayar a tsokar ƙodar maraƙi cikin kwalba, yana juye ta daga wannan kwalba zuwa waccan har sau 90 ko fiye, sai da ta rasa dafinta. Sakamakon shi ne allura mai araha wadda sau ɗaya tak ake yi wa saniya, ta tsare ta har iyakar ranta.

A nan ya kamata mu dakata. Wane ɗan kasuwa ne zai kashe dukiyarsa shekaru a kan hajar da sau ɗaya ake sayenta, wadda masu bukatarta makiyaya ne da ke yawo a daji, kuma wadda cikar nasararta ita ce a daina nemanta ɗungum? Ba laifinsa ba ne, don riba ya fito. Bugu da ƙari, cutar ba ta san iyakar ƙasa ba. Wanda ya yi wa garkensa allura ya amfani maƙwabcinsa da bai biya ko anini ba.

Saboda haka ne a 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka fara gangamin allura na haɗin gwiwa, da gudummawar Turai da Amurka, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashe. Da aka rufe shi a 1976, sai aka bar wa kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa allura da kuma sa ido. Ganin cutar ta lafa, sai kuɗi suka janye. Ashe tana nan laɓe a yankin Mali da Muritaniya, da kuma Sudan da Habasha. A 1983 ta mamaye garkunan Nijeriya, kuma an ƙiyasta hasarar da ta jawo a dala miliyan 2,000. Abin da aka yi tsimi bai kai ko kusa da wannan ba.

Dole aka sake ɗaura ɗamara a 1986. Wani binciken kuma, a jami'ar Tufts ta Amurka, ya samar da allurar da ke jure zafi ba tare da firji ba, aka kai ta ruggagen da mota ba ta zuwa. An ga cutar karo na ƙarshe a jikin ɓauna a Kenya a 2001, sa'an nan a 2011 aka bayyana ƙarewarta a duniya, ta zama ta biyu bayan agana.

Tana da 'yar'uwa mai kama tumaki da awaki, wadda ake fatan gamawa da ita a 2030. Allurar da aka fi amfani da ita a kanta an samo ta ne daga ƙwayar da aka ɗebo a Nijeriya a 1975, aka adana, har masana a Faransa suka raunana ta a 1989, shekara 14 bayan ɗebo ta.