Suna Kafin Ciniki: Nasiha ga Matasan Rufa'a a kan Kasuwar Hotunan Intanet

A ranar 11 ga Maris, 2021, gidan gwanjon nan na Christie's, wanda tun shekarar 1766 yake sayar wa sarakuna da attajiran Turai zane-zane da kayan tarihi, ya sallama wani hoto da ba a zana shi a takarda ko a ƙyalle ba, ba shi kuma da mazauni sai cikin kwamfuta, a kan dala miliyan 69 da 'yan kai. Da labarin ya bazu, mutane da yawa suka ce wannan shi ne dare ɗaya Allah kan yi Bature. Amma wanda ya bi asalin al'amarin zai tarar mai hoton, wani Ba'amurke mai suna Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, tun ranar 1 ga Mayu, 2007 yake yin zane ɗaya kowace rana yana sakawa a intanet, babu fashi, har suka cika 5,000, su ne kuwa aka harhaɗa wuri guda aka sayar. Abin da mai saye ya biya wa kuɗi, in an duba da idon basira, nacin shekara 13 ne da aka yi a gaban shaidu. A kan wannan nake so in yi magana da matasanmu na Rufa'a da ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, domin kada ƙyallin kuɗin ya ɗauke musu hankali daga abin da ya jawo kuɗin.

Ya kamata mu fara da sanin hajar da ake ciniki a kanta. Hoton da ke cikin waya kowa na iya kwafarsa sau dubu, kwafin kuma ba ya bambanta da na asali ko da ƙwayar zarra, saboda haka da can ba a iya cewa wane ne mai shi. Sai masana kwamfuta suka ƙago wani kundin rajista da ake kira blokcen, wanda dubban na'urori a ƙasashe dabam-dabam suke riƙe da kwafinsa a lokaci guda, ta yadda abin da aka rubuta a ciki ba mai ikon kankare shi. Idan mai zane ya shigar da aikinsa cikin wannan kundi, wanda mafi shahararsa a wannan fage shi ne Ethereum, sai a ba aikin wata shaida mai lamba da babu irinta, ita ce ake kira NFT, ita ce kuma ake saye da sayarwa a kasuwanni irin su OpenSea, ana biya da kuɗin intanet. Duk sa'ad da shaidar ta sauya hannu sai kundin ya rubuta, daga wane zuwa wane, a kan kaza, ranar kaza.

Almajirin da ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba, gama wannan silsila ce irin ta isnadi. Sai dai magabata, Allah Ya ji ƙansu, sun gane tun da wuri cewa jeruwar sunaye kaɗai ba ta inganta ruwaya, shi ya sa suka kafa ilmin jarhu da ta'adili, suna bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya suna binciken gaskiyarsu da kiyayewarsu da halin zamansu da mutane. Kundin blokcen yana da silsila, amma ba shi da wannan ilmi na biyu: ɓarawo na iya ɗauko zanen wani ya shigar da sunansa, kundin ya karɓa bai ce uffan ba, an kuwa yi haka sau da yawa. Tun da na'ura ba ta tantance adalcin mutum, sai nauyin ya koma kan jama'a, jama'a kuwa ba su da ma'auni sai abin da suka daɗe suna gani daga gare ka a kafofin sada zumunta.

Majalisar wannan jama'a tana kan X, wanda a da ake kira Twitter, da kuma zaurukan Discord. Suna da ladubbansu: da safe sukan gaisa da haruffa biyu, "gm", wato barka da asuba, sukan taru a zaurukan murya a yi ta muhawara har tsakar dare, da yawansu kuma sukan sa hoton da suka saya a madadin fuskarsu, musamman daga jerin CryptoPunks na 2017 ko Bored Ape Yacht Club na 2021, kowannensu guda 10,000. Baƙon da ya faɗo musu da tallar haja tun ranar farko ba ya samun mai saurare. Wanda ake ɗauka da daraja shi ne mai laƙabi ɗaya da ba ya sauyawa, mai salon aiki da ake ganewa ko ba a ga sa hannunsa ba, wanda yake nuna yadda aikin ya faro da yadda ya ƙare, yake yaba na wasu da ilmi, yake amsa tambaya ko ta wanda ba zai saya ba.

'Yan Afirka sun shiga wannan fage da hannu biyu. Osinachi, ɗan garin Aba a Nijeriya, ya koyi zane ne da Microsoft Word, manhajar da sauran mutane ba su san ta da komai ba sai buga wasiƙa, ya lazimce ta shekara da shekaru har salonsa ya zama nasa shi kaɗai, a watan Oktoba na 2021 kuma Christie's ta yi gwanjon ayyukansa a Landan. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne Adisa Olashile, mai ɗaukar hoto, wanda a 2022, yana hidimar ƙasa a Ibadan, ya ɗauki hoton wani tsoho makaɗi, ya sayar a wannan kasuwa a kan fiye da naira miliyan ɗaya, sa'an nan ya koma ya nemo tsohon ya damƙa masa rabin kuɗin kamar yadda ya alkawarta. Hoton yana da kyau, amma cika alkawarin ne ya kai sunansa inda talla ba ta kaiwa.

To, me ɗan Rufa'a yake da shi da zai nuna wa duniya? Yana da abin da babu mai kwaikwayonsa daga nesa. Kakanninsa sun taka sayyada daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, waɗansu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan da mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya yi shahada a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 kuma guminsu ya shiga gonakin audugar Jazira. Daga wannan tarihi aka gaji zayyanar allo, da ɗinkin hula, da kwale-kwalen masunta, da lambunan bakin kogi, da agashe wanda yau duk Sudan ta san shi, da harshe biyu a baki ɗaya. Garin Rufa'a kansa yana da darasi a kan yadda ake kafa suna: a nan ne Shaihu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907 da yara 17, a zamanin da mutane ke ƙyamar abin, ya kuwa fara ne da 'ya'yan gidansa, don kowa ya ga bai kira jama'a zuwa ga abin da shi yake gudu ba. Daga wannan tushe Jami'ar Ahfad ta Umdurman ta tsiro.

Wajibi ne kuma a faɗi ɓarnar da ke cikin kasuwar, domin mai neman suna ya san ramukan da ake faɗawa. Akwai masu buɗe asusu biyu ko goma, su riƙa sayar wa kansu hajarsu suna ɗaga farashi, don baƙo ya zaci ana rububinta; wannan shi ne najashi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, sauya kasuwa kuma bai sauya hukuncinsa ba. Akwai masu sayen mabiyan bogi, da masu karɓar lada su yabi haja ba tare da sun bayyana an biya su ba, wanda tadlisi ne tsantsa. A kan irin wannan ne hukumar hannayen jari ta Amurka ta ci tauraruwar talabijin Kim Kardashian tarar dala miliyan 1.26 a 2022. Akwai kuma masu tara kuɗin jama'a da alkawura su ɓace, kamar samari biyun da suka yi jerin Frosties, suka gudu da fiye da dala miliyan ɗaya, aka kama su a watan Maris na 2022. Kundin da ba ya mantuwa yana riƙe da sawun kowannensu.

Ita kasuwar ma ba ta tabbata a kan ganiyarta ba. Bayan ta kai ƙololuwa a watan Janairu na 2022, kafin shekarar ta ƙare cinikinta ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Saƙon farko da Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya rubuta a dandalin, wanda aka sayi NFT ɗinsa dala miliyan 2.9 a 2021, da aka mayar da shi gwanjo bayan shekara guda tayin da aka yi masa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuɗi ba. Babban Bankin Sudan ya gargaɗi jama'a a 2022 game da mu'amala da kuɗin intanet. Muftin Masar da Majalisar Malaman Indunusiya sun yi fatawar hani a kan irin wannan kuɗi saboda garari da kama da caca, waɗansu malamai kuma sun halatta da sharuɗɗa, kamar yadda aka daɗe ana saɓani a kan surar abu mai rai. Mai tsoron Allah sai ya nemi malamin da ya san fiƙihun ciniki, ya kuma fahimci yadda abin ke gudana, kafin ya sa ko sisi.

A kan duk wannan ga jarrabawar yaƙi, wanda ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, ya iso Wad Madani da Rufa'a a watan Disamba, ya watsa iyalai, ya katse layukan sadarwa. Wanda ke cikin irin wannan hali ba laifi ba ne ya sakaya fuskarsa da mazauninsa a bayan laƙabi, matuƙar laƙabin yana ɗauke da amana; kada ya nuna abin da ya samu, kada kuma ya ba kowa kalmomin sirri na lalitarsa ta intanet, ko da wanda ya tambaya ya zo da siffar mai taimako. Mafi girma duka, kada ya mai da hawayen maƙwabcinsa haja: hoton ɗan gudun hijira ba ya halatta a sayar sai da izininsa da kasonsa.

Nasihata ga ƙannena ita ce su kiyaye tartibi. A fara da sana'a, a ƙware a kanta. A nuna ta a kai a kai, da Hausa da Larabci da duk harshen da aka iya. A yi gaskiya a farashi, a cika alkawari ko da an yi hasara, a ambaci malamin da ya koyar da kuma wanda aka ɗauko aikinsa. Wanda ya yi haka, ko kasuwar NFT ta farfaɗo ko ta mutu, zai sami mai ba shi aikin zane, da mai neman hotonsa don jarida, da mai kiransa ya koyar, domin mutane suna neman wanda za su amince wa a kowane zamani. Wanda kuwa ya juya tartibin, ya nemi ciniki kafin sana'a, to ya ci bashin da mutuncinsa ne zai biya. Allah Ya ba mu arzikin halal, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.