Iskandariyya: Abin da Baƙo ke Fara Gani

Iskandariyya gari ne da aka gina yana fuskantar teku. Zaurensa yana bakin ruwa, mu kuwa masu tasowa daga Alƙahira ta ƙofar baya muke shiga. A ganina wannan ne ya sa labarin matafiyan dā ya sha bamban da na baƙin yau, alhali garin yana nan daram inda Iskandar, sarkin Makidoniya, ya kafa shi shekara 331 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Zamanin da nake karatu a Alƙahira, raka baƙi zuwa can ya zame mini aiki. Duk wanda ya zo daga gida, ɗan kasuwa ne ko mai jinya da ya samu sauƙi, sai ya ce a kai shi ya ga teku. Mukan hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai, awa biyu da rabi zuwa uku, ta tsakiyar gonakin da kogin Nilu ke shayarwa. Layin dogon tsoho ne, tun 1856 aka kammala shi. Amma da jirgi ya doshi gari sai fuskar baƙo ta canza. Ba ya ganin komai sai dogayen benaye na jan bulo marasa shafe, shanya a kowace baranda, da cunkoson ƙananan motocin haya.

Wani dattijo daga Kano da na taɓa rakawa ya leƙa ta taga ya ce, “Yaro, wannan ce Iskandariyyar da ake ta faɗa?”

Na ce, “Ita ce, Alhaji, amma a ɗan ƙara haƙuri.”

Muka shiga tasi irin ta garin mai launin rawaya da baƙi. Ba mu yi nisa ba titi ya ɓulle Kornish, babbar hanyar da ta bi gaɓar teku. Iska mai ɗanɗanon gishiri ta bugo mu, ga Bahar Rum shimfiɗe har inda ido ya gaza. Alhaji ya sa direba ya tsaya. Mutum ne da ya san madatsar ruwa ta Tiga, ya sha ƙetare kogin Kwara a Jebba, amma ya daɗe tsaye yana tasbihi, sannan ya sauka ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana don ya tabbatar da gishirin da kansa. Kusan duk baƙina haka suke yi: da farko gwiwa ta yi sanyi, daga baya baki ya mutu.

Masu zuwa ta ruwa a zamanin dā kuwa, da mamaki suke farawa, ɓacin rai ya biyo baya. Ibn Jubairu, mutumin Andalus, ya iso a 1183 cikin jirgin mutanen Jenowa a hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, bayan wata guda a kan teku. Abin da matuƙa ke fara hangowa tun daga nesa shi ne hasumiyar nan da ake kunna wuta a kanta don shiryar da jirage, wadda tsawonta ya haura mita 100. Ya hau ta, har ya yi salla a masallacin da ke samanta. Sai dai kafin nan ya sha wuya a hannun 'yan kwastan. Ya ba da labarin yadda suka hau jirgi suka rubuta sunan kowa da garinsu, suka zazzage kaya, suka karɓi zakka daga mahajjata ba tare da tambayar ko shekara ta kewayo kan dukiyar ba, har kayan wasu suka salwanta a cikin turmutsutsu. Duk da haka bai hana garin haƙƙinsa ba. Ya yaba makarantu da masaukan ɗalibai baƙi, da gurasa biyu da Sarki Salahuddin ya yanka wa kowane baƙo daga Magrib a kullum.

Ibn Baɗuɗa na Tanja ta tudu ya biyo a 1326, amma shi ma bai zauna ba sai da ya je hasumiyar. Ya tarar gefe guda ya rushe, domin girgizar ƙasa ta yi mata illa a 1303. Da ya sake biyowa a 1349, ko ƙofarta ba ta shiguwa. A 1477 Sarki Ƙayitbai ya fara gina ganuwar tsaro a gurbinta, kuma ita ce farar ganuwar da baƙi ke ɗaukar hoto a gabanta yau. Sojojin Nafoliyon da suka sauka a 1798 da labarin babban birni a kansu, ɗan gari suka tarar mai mutane 'yan dubbai a tsakiyar kufai. Sai da Muhammad Ali, mai mulkin Masar a lokacin, ya haƙa mashigin ruwa na Mahmudiyya, wanda ya sake haɗa garin da Nilu a 1820, sannan kasuwa ta farfaɗo. Yau mazaunansa sun haura miliyan 5.

Tunda teku garin yake fuskanta, nakan shawarci baƙo ya biya masu ƙananan kwale-kwale a tashar ruwa ta gabas su zaga da shi. Daga can ne zai ga yadda gine-gine suka yi baka suna kewaye da ruwa, ganuwar Ƙayitbai a gefe guda, sabon ɗakin karatu da aka buɗe a 2002 a ɗaya gefen, rufinsa a karkace yana ƙyalli. A ƙarƙashin ruwan da ke kusa da ganuwar kuma akwai manyan duwatsu da gumaka da masu binciken kayan tarihi suka shiga tantancewa a 1994, waɗanda ake ganin wasunsu na tsohuwar hasumiyar ne. Girman Iskandariyya ta dā yawancinsa ba ya kan titi. Yana ƙarƙashin teku ko ƙarƙashin benaye. Abin da ya rage a tsaye kaɗan ne, irin ginshiƙin dutsen nan mai tsawon kimanin mita 27 da suke kira Amudus Sawari.

Wurin da na ga baƙin Hausa sun fi sakin jiki shi ne unguwar Anfushi. Can ne masallacin Abul Abbas Almursi yake, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali. Daf da shi akwai wani ƙarami, inda ake ziyartar kabarin Imam Busiri, mai Burda da Hamziyya. Mutumin da ya tashi yana jin Burda a daren Mauludi, in ya ɗaga kai ya ga baitocinta a rubuce jikin bango, ba ya bukatar tafinta. Na ga malamin da tun safe bai ce uffan ba, amma a nan ya kama karatu da ka, wani Bamisire da ke gefe yana amsa masa. Da suka idar sai mutumin ya riƙe hannunsa yana cewa “ya Shaikh”, ya dage sai sun sha shayi.

Daga nan sai ciki. A Anfushi kai za ka nuna kifin da kake so a kan ƙanƙara, a auna a gabanka, ka ce a gasa ko a soya. Wanda bai saba da jatan lande da ƙaguwa ba yakan kau da kai, ya koma ga soyayyiyar hanta mai barkono da tafarnuwa a cikin burodi, abincin da sunan garin ya bi shi ko'ina a Masar. Ka tambayi kuɗin kilo tun kafin a ɗora a wuta.

Yawancin baƙinmu da safe suke zuwa su koma da yamma, kuma da zafi, lokacin da mutanen Alƙahira ke kwararowa shan iska. Rabin labari ke nan. Da hunturu ana yin guguwa da ruwan sama waɗanda masunta suka san lokacin kowacce da sunanta, igiyar ruwa ta riƙa tsallake katanga tana faɗowa kan titi. A watan Oktoba na 2015 ambaliya ta shanye unguwanni har aka rasa rayuka. Tulin kankaren da aka jibge a gaɓa da kewayen ganuwar Ƙayitbai don tare ruwa aka zuba shi, domin teku na ƙara tasowa, ƙasar yankin kuma tana nitsewa sannu a hankali. Baƙo yana tsaye yana yaba ikon Allah, mai shago a bayansa yana lissafin buhun yashi nawa zai tara kafin sanyi ya shigo.