Cizon Kare Ba Abin Rainawa Ba Ne

Da wuya a shiga ƙauyukanmu ba a ji haushin kare ba. Yana gadin gida da dare, yana raka mu gona da farauta, yara kuma suna wasa da shi. Amma a cikin miyau na wannan abokin zama akan sami ƙwayar wata muguwar cuta, wato ciwon haukan kare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Fiye da mutum miliyan 29 kuma ake yi wa allura a shekara bayan cizo. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya ɗauka.

Su wa suka fi shiga hatsari? Na fari, 'ya'yanmu. Cikin mutum 10 da irin wannan dabba ta ciza, wajen 4 ba su kai shekara 15 ba. Yaro gajere ne, cizo yakan same shi a fuska ko a wuya, kusa da ƙwaƙwalwa, inda ƙwayar take nufa ta bin jijiya. Sau da yawa kuma yakan ɓoye yakushi don tsoron bulala. Sa'an nan akwai mafarauta, da likitocin dabbobi, da masu yanka kare su gyara namansa, gama miyau yana iya shiga ta ɗan rauni a hannu.

Cutar takan yi wata 2 ko 3 a ɓoye. In alamunta suka fito, kamar tsoron shan ruwa, kusan ba mai tashi. Amma kafin nan akwai dama, tun da Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar a Faransa a 1885.

Saboda haka, in kare ya ciji wani, ko da karen gida ne, mu wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada mu sa toka ko sassaƙe. Mu tafi asibiti a ranar, mu kuma gama alluran duka. Karnukanmu ma mu kai su wurin likitan dabbobi a yi musu rigakafi.

Da yamman nan mu tara yara mu faɗa musu: wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya zo ya faɗa, ba mai dukansa.