Daga Kaset zuwa Waya: Ina Kuɗin Waƙa Ya Koma?

A da, cinikin waƙa kamar cinikin atamfa yake. Mawaƙi ya shiga situdiyo, a buga kaset ko faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su sara, mai saye ya biya ya tafi da abinsa gida. Yawan kwafin da aka sayar shi ne ma'aunin riba.

Intanet ce ta birkita wannan lissafi. A 1999 manhajar Napster ta fito a Amurka, mutane suka shiga musayar waƙoƙi kyauta. Shari'a ta durƙusar da ita a 2001, amma jama'a sun riga sun ɗanɗani banza. A 2003 kamfanin Apple ya buɗe shagon iTunes, waƙa ɗaya senti 99, duk da haka kuɗin shigar masana'antar a duniya ya yi ta zubewa har 2014. A nan gida, masu tura waƙa a memori ne suka kashe kasuwar faifai.

Abin da ya farfaɗo da kasuwar shi ne haya. Spotify, wanda ya fara aiki a Suwidin a 2008 ya kuma shigo Nijeriya a 2021, ba ya sayar maka da waƙa. Kuɗin wata kake biya, ko ka jure tallace-tallace, ka saurari abin da ka ga dama. Boomplay da Audiomack ma kusan haka suke.

To, yaya ake rabon? A Spotify, ana tara kuɗin wata da na talla na kowace ƙasa wuri guda, kamfani ya riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba gwargwadon kason kowace waƙa a cikin saurare. Ba a ƙirga saurare sai ya kai daƙiƙa 30, shi ya sa mawaƙa da yawa ke gaggauta kawo amshi. Kuma sauraren Kano bai kai na Landan tsoka ba, domin kuɗin wata a nan ya fi araha.

Talla ma ta bar hannun gidajen rediyo kaɗai. Waƙar CKay, Love Nwantiti, ta fito a 2019, amma sai a 2021 TikTok ya zagaya da ita duniya. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker kuwa, bidiyoyin rawar da mata suka riƙa sakawa a 2020 ne suka ƙara mata wuta. Irin wannan farin jini ke jawo gayyatar biki, wasan sallah da kwangilar talla, inda mawaƙanmu da dama suka fi samu.

Sai dai a kula: manhaja mai haƙƙin mallakar waƙa take biya, ko da ba shi ya rera ba. Mawaƙin da ya sa hannu a yarjejeniya bai karanta ba, ko ya bar wani ya ɗora waƙar a YouTube da sunan kansa, zai iya cika gari da murya aljihu babu ko sisi: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.