Bayani Kan Kashe Ma'ajiyar Wucin Gadi a Manhajar Taswira

A yau ma'aikatan ƙasa da safiyo da na ƙananan hukumomi suna amfani da taswirar kwamfuta wajen tantance iyakokin gonaki, da burtali, da filaye, da wuraren rijiyoyin burtsatse. Don haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan wani ɗan tsari wanda rashin kula da shi kan haddasa saɓani.

Taswirar kwamfuta falle-falle take zuwa. Hanyoyi suna da nasu falle, koguna da nasu, haka kuma filaye. Duk lokacin da ma'aikaci ya buɗe wani falle ta intanet, manhajar takan adana kwafinsa a faifan ajiya na kwamfutar, domin in an sake nema ya fito nan take. Wannan ita ce ma'ajiyar wucin gadi. Tana hanzarta aiki, tana kuma rage kashe kuɗin data.

Sai dai idan aka yi gyara a babban ofis, wani lokaci kwamfutar takan ci gaba da nuna tsohon kwafin. Ta haka sai a ga filin da aka riga aka ba wani yana nan tamkar ba shi da mai shi, ko kuma burtalin da aka shata bai fito ba.

A manhajar ArcGIS Pro, wadda kamfanin Esri na Amurka ya fitar a 2015, kowane falle da nasa tsarin. A danna sunan fallen da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Properties, a shiga Cache. A nan akwai zaɓin riƙe kwafin, da na share shi bayan wasu mintoci, da na share shi idan an rufe manhajar, da kuma na hana adana komai. Na ƙarshen nan shi ne kashewa. Masu amfani da QGIS, wadda kyauta ce, za su sami wurin share ma'ajiyar a Settings, sai Options, sai Network.

Ba kowane falle ya kamata a kashe wa ba, domin kashewar kan sa taswira jinkirin buɗewa, musamman inda intanet ba ta da ƙarfi. Shawararmu ita ce a kashe wa bayanan da ke yawan sauyawa, kamar rabon filaye, a bar wa hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda ba su cika sauyawa ba.

Muna kira ga ma'aikata da su sabunta taswira kafin su fita sasanta rikicin iyaka. Su kuma dagatai da masu unguwanni da manoma, haƙƙinsu ne su tambayi ranar da aka sabunta taswirar kafin su sa hannu ko su dangwala yatsa a kowace takarda.