Ciwon ruɓewar saiwa a gonakin banila na Madagaska

Banila shuka ce mai yaɗo, wadda ake sa ƙamshin ƴaƴanta cikin biskit da alewa. Asalinta ƙasar Meziko ne, amma tsibirin Madagaska shi ne kan gaba wajen nomanta, musamman yankin Sambaba da Antalaha.

Babbar abokiyar gabanta wata fumfuna ce ta cikin ƙasa, wadda masana ke kira Fusariyom. Tana ruɓar da saiwa, ruwa ya daina hawa, kara ya yanƙwane, shuka ta mutu. Manoma ba iri suke shukawa ba, reshe suke yanka su dasa, kamar rogo. Saboda haka gonakin kusan duka jini ɗaya ne: abin da ya kada ɗaya, shi zai kada saura.

Shi ya sa ma'aikatan bincike na Madagaska suka yi aure tsakanin banilar noma da ƴar uwarta pompona mai jure ciwon, suka samu irin da ake kira Tsy Taitra. A tsibirin Reyiniyon kuma, cibiyar CIRAD ta fitar da irin Handa.

Aikin na son haƙuri, gama dashe yakan kai shekara 3 kafin ya yi fure. Gargaɗin da ake yi wa manoma shi ne su nemi dashe mai lafiya, su hana ruwa kwanciya a gindinsa.